Tambaya da Amsa: Ajiye Mota Ta Yi Watanni Ba Tare da Ta Lalace Ba

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kusan duk magana ɗaya suke yi, wato yadda mutum zai ajiye motarsa ya yi tafiya mai nisa, ko ya jingine ta har damina ta wuce, ya dawo ya same ta lafiya. Mun zaɓi takwas daga ciki, mun taƙaita tambayoyin.

Daga wani maniyyaci a Gusau: Ina shirin tafiya aikin Hajji, kuma zan yi wajen kwana arba'in ba na gida. Ƙanena ya ce zai riƙa tayar min da Corolla ɗina kowace safiya, ta yi minti biyar ya kashe. Wannan ya wadatar?

Alhaji, Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada. Ƙanenka alheri ya nufa, amma wannan ɗumamawar ta minti biyar gyaran gangar Auzinawa ce, ta fi cutar da mota a kan a bar ta ba a taɓa ba.

Ga dalili. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona, tana fitar da tururin ruwa da ya kai kusan lita ɗaya. Idan inji da salansa sun yi zafi sosai, tururin nan ficewa yake yi ta baya ya bi iska. Idan kuwa aka kashe mota tun ƙarfe bai ɗau zafi ba, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta a cikin salansa, wani kuma ya sulale ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Daga nan salansa ke fara cin tsatsa ta ciki, shi kuma baƙin man ya soma yin kumfa fara-fara a ƙarƙashin murfin zuba mai. Bayan haka, inji mai sanyi fetur yake sha fiye da ƙima, wanda bai ƙone ba sai ya baƙanta fulogi, ya kuma tsinka baƙin mai. Allurar zafi tana iya hawa tsakiya cikin 'yan mintuna, amma zafin ruwa take nunawa. Baƙin mai ba ya kai zafin da zai kori danshi sai an yi tafiyar minti 15 zuwa 20. Shi ma batir ɗin da ake yi domin sa, ɗan abin da yake samu a minti biyar na silo, wato inji na aiki mota na tsaye, bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka hanya biyu ce. Ko dai a fita da ita kan titi sau ɗaya a mako biyu, a yi tafiyar minti 30 ba tsayawa, a taka birki, a shiga kowace giya, a kunna esi na minti goma don man kwamfiresa ya zaga ya jiƙa robobinsa. Ko kuma a ajiye ta ajiya ta gaskiya. Mu ta biyun muka fi so maka, domin kwana arba'in ba wani dogon lokaci ba ne a wurin mota: fetur ba zai lalace ba, taya ba za ta nakasa ba. Ka wanke ta, ka kwashe duk wani abin ci daga ciki, ka ƙara wa tayoyi iska, ka saki birkin hannu ka sa waigi, wato guntun katako da ake dogare taya da shi, ka cire kan batir na baƙar waya, ka ba wanda ka amince da shi makulli saboda ko ta-kwana. Shi ke nan.

Daga wani ɗan kasuwa a Damagaram: Bara na cire wayar batir kafin in tafi fatauci, na yi wata huɗu. Da na dawo na mayar, ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Mai caji ya ce batir ya mutu. To ina amfanin cirewar?

Malam, cirewar ta yi amfani, sai dai rabin aikin aka yi. Wuta tana zurarewa daga batir ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce motar kanta: ko an kashe ta, kwamfutar inji, agogo, rediyo, na'urar karɓar rimot da tiraka, wato na'urar bin sawun mota, duk suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, yawanci miliamfa 20 zuwa 50. A ɗauka 40 ne. A kwana ɗaya kusan amfa-awa ɗaya ke nan, a wata guda kusan 29, wato rabin batir mai 60. Wannan ƙofar ce ka toshe da ka cire waya.

Ta biyu kuwa batir da kansa yake zubar da wutarsa ko ba a jona shi da komai ba, kuma zafi ne ke hanzarta abin. Ƙa'idar da masu sana'ar suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10, saurin zubar yana ninkawa. Batir da ke cikin bonet a rana, a watan Afrilu ko Mayu, ba zai yi daidai da wanda ke ɗaki mai sanyi ba. Da zarar wutar ta yi ƙasa ta daɗe a haka, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki. Idan ya ƙeƙashe ba ya narkewa, kuma shi ne abin da mai caji yake nufi da ya ce batir ya daina riƙe wuta.

Abin da ya kamata a yi shi ne a caje shi ya cika kafin a ajiye. A bar shi ya huta 'yan sa'o'i, sannan a auna da mita: 12.6 ko sama cikakke ne, 12.4 ya fara sauka, 12.2 rabi ya rage, ƙasa da 12.0 kuwa ya shiga haɗari. A fitar da shi daga mota gaba ɗaya, a kai shi inuwa inda iska ke shiga, nesa da murhu da yara. A goge samansa tas, domin ƙura mai danshi tsakanin kawunan biyu ita ma hanyar wuta ce. Idan kawunan sun yi farin gari ko kore, a dama cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa a wanke da tsohon buroshi, a bushe, a shafa giris ko basilin. Idan mai murfi ne, a duba ruwansa ya rufe farantai, kuma ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Sannan a samu wanda zai kai shi caji duk mako shida zuwa takwas. Wanda ya fi son ya bar shi a mota zai iya jona ƙaramin faifan sola mai wat 5 zuwa 10 kai tsaye a kan batir. Idan faifan ya fi haka girma, dole a sa masa na'urar daidaita caji, in ba haka ba zai dafa batir ɗin. Kada a dogara da ramin kunna sigari, a motoci da yawa yana mutuwa da an zare makulli.

Wajen cirewa, da sifana mai lamba 10 a yawancin motoci, baƙar waya mai alamar ragi ake fara kwancewa, sannan ja. Wajen mayarwa, ja da farko, baƙa a ƙarshe. Dalili kuwa jikin mota duka a jone yake da baƙar waya, idan ka fara da ja sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi, yana iya ƙona hannu ko fasa batir. Kafin ka cire, ka gwada makullin ƙarfe a ƙofar direba ka tabbata yana buɗewa, domin rimot ba zai yi aiki ba, kuma akwai motocin da batirinsu a but yake, but ɗin kuma da wuta yake buɗewa. Wasu rediyoyin, musamman na tsofaffin Honda, suna neman lambar sirri idan wuta ta dawo, ka nemo ta tun da wuri. Mai tiraka kuma ya sani cewa ɗan batirin da ke cikinta ba zai daɗe ba.

Roƙo ɗaya ga mutanen gida: kada a ɗauki batirin mota a kunna talabijin ko fanka da shi don mai shi ba ya nan. Ba a ƙera shi don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ba, sau kaɗan za a yi masa haka ya gama.

Daga wani ma'aikaci a Kaduna: An tura ni kwas na wata shida. Wasu sun ce in cika tanki, wasu sun ce in zuƙe man duka don kada ya lalace. Wanne ne daidai? Kuma sabis, kafin tafiya ko bayan na dawo?

Ka cika, Malam, ka bar ɗan sarari kaɗan a sama don mai yana kumbura da zafi. Mun san tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 cika tankin lita 50 ko 70 ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma famfon mai da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, sun fi shi tsada. Tankin da babu mai cike yake da iska, iska kuma tana ɗauke da danshi. Rana ta yi ta yi zafi, dare ya yi ta huce, sai raɓa ta kwanta a bangon tanki ta gangara ƙasa. A tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe tsatsa ke nan. A sababbi masu tankin roba bangon ba zai yi tsatsa ba, amma famfon da ke nutse a ciki zai yi, ya kafe.

Shi ma feturin yana tsufa. Sassansa masu saurin kamawa da wuta su ke fara tashi, abin da ya rage ya haɗu da iska ya zama danƙo mai toshe nozul. A zafinmu, daga wata uku zuwa shida ake fara ganin haka. Don wata shida, ka nemi maganin hana fetur tsufa da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Ka bi awon da ke jikin kwalbar, wanda aka fi sani wajen mililita 30 ne ga lita 10. Ka zuba a gidan mai kafin a ɗura, sannan ka yi tafiyar minti 10 zuwa 15 don ya isa har cikin nozul. Kuma daga gidan mai da ka yarda da shi za ka saya, man bumburutu ba na ajiya ba ne, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Zuƙe tanki sai idan ajiyar za ta haura shekara, kuma bakanike ne zai yi, a fili, nesa da wuta.

Mai mota ta kafireto, irin su tsohuwar Peugeot 504, da mai babur, Adaidaita ko janareto, nasu ya ɗan bambanta: a rufe mai daga tanki, a bar inji ya ci na cikin kafireto har ya mutu da kansa, domin ɗan man da ke kwance a ƙoƙon kafireto shi ke fara bushewa ya toshe jet. Mai dizal shi ma ya cika tanki, ya tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar mai. Wanda ya mayar da motarsa ta gas ta CNG ya rufe bawul ɗin da ke wuyan tukunya.

Sabis kuwa kafin tafiya ake yi. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da asid, danshi da ɓurɓushin ƙarfe, ba abin da za a bari ya kwana wata shida a jikin metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ba ne. Lita huɗu zuwa huɗu da rabi ke shiga yawancin injuna masu silinda huɗu, tare da sabuwar filta. Ka leƙa lagireto lokacin da inji yake da sanyi. Idan ruwan famfo ko na leda aka saba zuba mata, ka sa a juye a zuba ruwan lagireto na ainihi, rabi magani rabi tataccen ruwa, ko wanda aka riga aka haɗa. Ruwa zalla idan ya kwanta yana cin wotafam da bututun hita, shi ya sa ake ganin mota ta fara zafi mako guda bayan an tashe ta daga ajiya.

Daga wani manomi a ƙaramar hukumar Ningi: Hanyarmu ba ta biyuwa da damina, sai na jingine a-kori-kurata wata uku. Da na zo tashi, tayar baya ta ƙi juyawa.

Birkin hannu ne ka bari a jaye. Danshi ya shiga, takalmin birki ya manne da ganga da tsatsa, wani lokaci ma wayar birkin ce ke kafewa a cikin kubenta. A saki birkin, a sa giya ɗaya da ribas a riƙa ɗan gaba ɗan baya a hankali. Idan bai saki ba, a ɗaga da jak, a cire taya, a bubbuga gefen gangar da guduma ta kan katako. Kada a ja ta da ƙarfi da tarakta, fatar birkin tana iya ɓallewa daga takalminta.

Nan gaba, a wuri mai baibai za ka ajiye, ka bar ta a giya ɗaya, ko a P idan otomatik ce, ka dogare tayoyi gaba da baya da waigi, wato guntun katako mai kauri. Tayoyi kuma ka ƙara musu iska. Ka duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, idan ta ce 32 ka kai 38 zuwa 40, muddin bai wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar ba. Taya tana rage awo ɗaya zuwa biyu a wata ko ba ta da huji, kuma idan ta yi laushi nauyi ya daɗe a wuri ɗaya sai gindin ya baje, ka ji mota na tsalle-tsalle idan ka hau titi. Ka sa katako a ƙarƙashin kowace taya kada ta zauna cikin laka, ka sauke duk kayan da ke baya. Ajiyar da ta wuce wata shida ce ke buƙatar a ɗora mota kan sandunan ƙarfe na gareji.

Daga wata Hajiya a Kano: Motar maigidana tana cikin gareji tun da ya tafi aiki waje. Jiya na buɗe na ji wari, na ga kashin ɓera a kan kujera. In sa guba?

Hajiya, kada ki sa guba a cikin motar ko kusa da ita. Ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, lungu yake nema, kuma lungun da ya fi so shi ne bututun esi a bayan dashbod. Idan ya mutu a can sai an kwance dashbod kafin a rabu da warin. Ga kuma haɗarin yara, kaji da kyanwa. Tarko ya fi: huɗu zuwa shida, a jikin bango da kusa da kowace taya, domin ta taya suke hawa. A sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, a duba kullum.

Wannan matsalar ita ce muka fi jin tsoro a duk ajiyar mota, domin batir idan ya mutu an san kuɗinsa, amma wayar da ɓera ya gutsira a cikin damin wayoyi tana iya sa mai gyaran waya ya kwana uku yana nema, wani lokaci kuma ta haɗu da wata ta ƙona kwamfutar inji ko ta tayar da gobara. Haƙoran ɓera ba sa daina tsiro, dole ya riƙa gurgurar abu, ga duhu, ga ɗumi, ga soson kujera na yin sheƙa.

Ki fara da abin da ya jawo su. Idan akwai buhun masara, gero, dusa ko abincin kaji a garejin, a fitar. A kwashe kwalaye da tsummoki. A cikin motar a duba ƙarƙashin kujeru da but, ko ɓawon gyaɗa ko guntun biskit ya ishe su. Sannan a sa bakanike ya duba wurare huɗu: akwatin filtar iska, filtar esi da ke bayan aljihun dashbod na gefen fasinja, akwatin fis, da saman inji ƙarƙashin murfin roba. Idan an tsabtace, a mayar da batir na ɗan lokaci a danna maɓallin esi mai juya iskar ciki kafin a kashe, wannan yana rufe ƙofar da iskar waje ke shigowa, wadda ita ce babbar hanyarsu. A cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a bakin salansa da bakin bututun shan iska. Zai hana ɓera, ya hana zanzaro gina ɗakinsa na laka, ya hana ƙadangare. A rubuta a takarda a manna a sitiyari cewa an toshe wuraren nan biyu, don kada wani ya tayar da mota a haka. Tunda garejin yana kulle, a bar bonet a buɗe, ɓera ba ya son fili da haske. Kafur a cikin tsohuwar safa yana ɗan taimakawa a wajen inji, amma kada a zuba a cikin ɗakin mota, warinsa yana kama kujeru kuma shaƙarsa ba ta da kyau.

Wajen share kashin, ki kula da kanki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A buɗe ƙofofi iska ta shiga, a sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa wurin da ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a bar shi minti biyar, a kwashe da takarda a ƙulle a leda. A kan yadin kujera bilic yana cin launi, a yi amfani da ruwan sabulu mai zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Daga wani malami a Sakkwato: Ba ni da gareji. Ina da tamfol, akwai kuma darbejiya a ƙofar gida. In lulluɓe ta a ƙarƙashin bishiyar?

Malam, garin neman gira kada a rasa ido. Inuwar darbejiya tana da daɗi, amma 'ya'yanta, kashin tsuntsu da na jemage duk suna cin fenti idan suka kwana biyu rana ta gasa su. Ganye yana taruwa a magudanar da ke gindin gilashin gaba ya toshe ta, ruwan sama ya rasa hanya ya kwararo kan kafet. Iskar farkon damina kuma tana karya reshe.

Tamfol na roba shi ma yana da illa biyu. Da damina yana tare danshin da ke tasowa daga ƙasa, mota ta yi ta gumi a ciki, fenti ya yi dabbare-dabbare, kujeru su yi fumfuna. Da hunturu kuwa ƙura ke shiga tsakaninsa da jikin mota, iska na kaɗa shi, ya zama kamar ana goga mata yashi. Idan tamfol ɗin kaɗai gare ka, ka kafa sanduna huɗu ka yi rumfa da shi, ya zama akwai tazarar kamu biyu ko uku tsakaninsa da rufin mota. A jikin motar kuwa rigar mota ta yadi mai shan iska ake sawa, bayan an wanke an bushe an shafa kakin fenti, a ɗaure ta tam. Wankin ya haɗa da ƙarƙashi da cikin mudugad, domin lakar da ta manne a can ita ke riƙe ruwa.

A garinku zafin bazara yana haura digiri 40, cikin motar da ke rufe a rana kuma yana iya wuce 60. Ka sa kwali ko abin tare rana a gilashin gaba da na baya don dashbod kada ya tsage. Ka fitar da turare, laita, fawa-bank da duk wani gwangwanin feshi. Ka naɗe robar waifa da tsumma don kada ta manne da gilashi. Gefen tayar da rana ke duka a jingina masa kwali. Da damina, kwano biyu na gawayi busasshe a ƙasan kujeru suna rage danshi da wari, a riƙa canzawa duk wata. Daɓen siminti ya fi ƙasa, idan ƙasa ce a shimfiɗa leda mai kauri, a kuma nome ciyawar da ke kewaye, domin maɓoyar ɓera da maciji ce, idan ta bushe kuma zafin salansa yana iya kunna ta.

Sai zaɓen wuri. Kada a ajiye mota a kwari ko kusa da magudanar ruwa. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumbar 2024, bayan fashewar madatsar Alau, ta nutsar da motoci da yawa a inda aka ajiye su. Duk motar da ruwa ya kai wa bakin bututun shan iska, kada a murza mata makulli ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan fistin ya taso ya same shi a silinda sai konrod, wato sandar da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe. A cire batir, a jawo ta zuwa gareji.

Daga wata ɗaliba mai shirin tafiya karatu Masar: Takardun mota fa? In bar su su ƙare tunda ba hawa za a yi ba?

Lasisin mota da inshora na shekara-shekara ne, ki duba ranar ƙarewarsu ki rubuta, don ranar da za a fito da ita kada a haɗu da jami'an VIO ko na kiyaye haɗurra da matattun takardu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙaramar inshorar nan ta dole, wadda aka mayar naira 15,000 ga motar gida a Janairun 2023, ɓarnar da motarki ta yi wa wani kawai take biya. Ba ta biyan sata, gobara ko ambaliyar da ta sami motarki a ajiye. Idan motar mai daraja ce, ki tambayi kamfanin inshora wadda ta haɗa da waɗannan. Asalin takardu kuma kada a bar su a aljihun mota, a adana su a ɗaki.

Daga wani magidanci a Katsina: Mahaifinmu ya rasu, motarsa ta fi shekara ɗaya da rabi a tsaye ana jiran rabon gado. Yanzu ta faɗo a rabona. In sayo batir in tayar?

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kada ka fara da makulli, Malam, a irin wannan motar makulli ne na ƙarshe. Kuma ga sauran masu irin wannan hali, ya kyautu magada su amince wani ya riƙa kula da mota kafin a yi rabo, domin dukiyar marayu ce ke narkewa a tsaye.

Ka kira bakanike gida, ko a ɗauko ta a kan mota. A fara da ido: a leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai tabon mai ko ruwa, a buɗe bonet a nemi sheƙa da wayar da aka ci, a buɗe akwatin filtar iska, a leƙa salansa. A matsa tiyoyin ruwa da hannu, wanda ya yi tauri ko ya tsattsage a canza. A buɗe murfin tanki a sansana. Feturin da ya lalace warin tsohon fenti yake yi, launinsa kuma ya koma kamar shayi. Bayan wata goma sha takwas ba sai an yi gardama ba, a zuƙe shi, a duba famfo da rariyarsa, a zuba sabo lita 10 zuwa 15. A juye baƙin mai da filta. A duba man birki, yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko mota na tafiya ko ba ta tafiya. A taka birki, idan feda ta nutse har ƙasa akwai inda yake yoyo.

Sannan a cire fulogi duka, a ɗiga kamar cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana. Washegari a sa sifana a kan babban noti na fulin ƙasa a juya inji da hannu zagaye biyu. Idan ya juya sumul, madalla. Idan ya ƙi, kada a tilasta shi da kik, zoben fistin ne ya kama bango, sai an jiƙa shi an yi haƙuri. Idan injin mai taimin bel ne ba mai sarƙa ba, a tambayi shekarunsa, roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, kuma a injuna da yawa idan ya tsinke fistin ne ke dukan bawul. Wanda ya haura shekara biyar ko ba a san tarihinsa ba, a canza shi kafin a tayar.

Da sabon batir, a cire fis ɗin famfon mai, a yi kik na daƙiƙa 10 sau biyu ko uku fulogi na waje, don baƙin mai ya hau ko'ina. A mayar da fulogi da fis, a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa sau uku ana ɗan jira don famfo ya cika layi, sannan a tayar. Kada a taka totur. Fitilar baƙin mai ta mutu cikin daƙiƙa biyar, in ba ta mutu ba a kashe nan take. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na 'yan mintuna man da aka ɗiga ne yake ƙonewa. A bar ta a silo har fankar lagireto ta tashi ta tsaya da kanta, ana kallon allurar zafi da ƙarƙashin mota. A auna batir inji na aiki, 13.8 zuwa 14.5 yana nuna altaneta na caji.

Idan mai kuloci ce kuma giya ta ƙi shiga inji na aiki, faifan kuloci ne ya manne da filawil, aikin bakanike ne. Idan otomatik ce, a taka birki a bi kowace giya ana tsayawa daƙiƙa kaɗan, kuma ba a tura ta don ta tashi. Tayoyi a karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan DOT a gefensu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta tsufa ko gefenta ya yi tsaga-tsaga a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safaya. Fitar farko a yi ta cikin unguwa, kada a wuce gudun kilomita 30, ana taka birki a hankali har ƙarar tsatsar faifai ta ɗauke. Idan bayan kilomita 10 sitiyari yana ja gefe ɗaya, ko wani wili ya fi sauran zafi idan an kusanta hannu, birkin wannan ƙafar ya kafe, a koma gareji kafin a hau babban titi.